Rabon Gwaggo a Soron Rafi

A danginmu babu wanda bai kawo shawarar abin da ya kamata a yi da Soron Rafi ba, har da waɗanda ba su taɓa kwana ɗaya a cikinsa ba. Ni na kwana. A can aka yanke mini cibiya, a can na yi wayo, kuma har na yi ritaya daga koyarwa a firamare ban taɓa yin wata biyu ban leƙa shi ba. Yanzu an kafa masa allo a bakin hanya, an jera fitilu, ana biki a cikinsa kusan duk Asabar, ni kuwa na daina taka wurin. Idan kun ji ina faɗa a wannan rubutu ku yi mini uzuri. Ina da dalili, kuma rabin faɗan da kaina nake yi.

Soron Rafi gidan gona ne da kakanmu ya gina a gefen rafin da ke bayan Nasarawan Doya, tun zamanin da ake kai auduga kasuwa a kan jakuna. Da mazarƙwaila ya yi arziki. Yana da fadamar rake mai faɗi da injin matse rake irin wanda doki ke zagayawa da shi, kuma fatake daga Ikara da Kudan sukan kwana a zaurensa suna jiran a sauke tukunya. Gidan na ƙasa ne tun daga tushe har rufi, da katon zaure da soron bene wanda idan ka hau samansa kana ganin rafin yana lanƙwasa har ya ɓace cikin rake. Daga bayan soron zuwa bakin ruwa akwai itatuwan ɗorawa guda tara a jere. Waɗannan na Gwaggo ne.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita kaɗai ce mace a cikin 'ya'yan kakanmu. Da ya rasu ba a je gaban alƙali ba, a zaure aka yi rabo. Maza uku suka raba gida da fadama. Da aka zo kanta sai ta ce daga bayan ƙofa, ita ba noma za ta yi ba, a bar mata ɗorawa kawai. Kowa ya yaba hankalinta, aka yi ta sa mata albarka. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne: ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani, kuma mai gona ba ya karya ko reshe sai da izinin mai itace. Babu wanda ya rubuta komai, don babu wanda ya ga amfanin rubuta abin da duk garin ya sani. Sai da na tsufa na gane cutar ta aka yi ran nan, cikin murmushi da addu'a.

Ita dai ba ta taɓa ganin cuta ce ba. Da waɗannan itatuwa tara ta riƙe kanta shekara da shekaru, tun mijinta yana raye har bayan ya rasu ya bar ta a ɗakinta na ƙasa a cikin gari. Idan bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, sai ta ɗauko doguwar gorarta mai ƙugiya, mu 'yan mata muna biye da ita da kwanduna. A ɓare, a daka, garin mai ruwan ɗorawa mu sha har haƙoranmu su rine, ƙwayar kuwa, wato kalwa, ita ce dukiyar. Takan yini tana dafa ta, ta surfa, ta kai rafi ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a kwando sai ta yi wari mai daɗi, sannan ta kirɓa ta shanya. Daddawar Gwaggo ba ta kaiwa azahar a kasuwar Makarfi. Masu tuwon sayarwa har rigima suke yi a kanta.

Ɓawon ma ba ta zubarwa. Shi ake jiƙawa ya ba da wani ruwa baƙi-baƙi mai ɗaci da ake kira makuba, a kwaɓa da ƙasa a shafe rufin soro da bangonsa, ruwan sama ya zo ya zame bai shiga ba. Duk shekara kafin ruwan farko Gwaggo takan aika wa wani tsohon magini na unguwarmu, wanda kakansa ne ya ɗora azarar gidan, ya zo ya hau soro da makubarta. Ko bayan da iyayenmu maza suka rasu ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu suka watse birane, gidan ya zama kango sai jemagu, ba ta fasa ba ko sau ɗaya. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya taɓa ce mata sannu. Masu gidan suna Kaduna da Abuja suna cika baki da cewa ginin kakansu ƙarfe ne, bai taɓa yoyo ba.

Babba a cikin masu gidan shi ne Yaya, ɗan yayan mahaifina. Uwarsa ta rasu yana shan nono, Gwaggo kuma Allah bai ba ta haihuwa ba, sai aka miƙa mata shi. Ta ɗauke shi ɗan fari, da duk kunyar da ake yi wa ɗan fari a ƙauyenmu. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Idan ya shigo ɗaki sai ta juya ta fuskanci bango. Idan za ta ba shi abinci sai ta ce da ɗayarmu, “A miƙa wa wancan.” Mu sauran kuwa sunanmu take rangaɗawa tun daga bakin rafi har a ji a zaure, don mu 'ya'yan wasu ne. Tun muna yara mun san wannan: wanda Gwaggo ta kira sunansa ɗan wani ne, wanda ta kasa kira shi ne nata. Daddawarta ce ta saya masa akwatin da ya tafi makarantar kwana da shi, kuma ran da zai tafi ba ta fito ba, tana ɗaki tana kuka a ɓoye.

Kada in zalunce shi. Yaya ba mugu ba ne. Ya zama babban mutum a Abuja, ba ya mantawa da ita da azumi, shi ya kai ta Makka. Abin da ke damuna da shi ɗaya ne: ya ɗauka duk abin da ya aiko a bayan mota ya isa ya maye gurbin duk abin da ya ɗauka.

Maganar sabon amfani da gidan ta taso ne a gurup ɗin dangi na waya, inda kowa malami ne. Wani ƙanenmu ya ce a yi gidan kaji. Wani ya ce a haƙa tafkunan kifi tunda ga ruwa a kusa. Wani da ke sayar da siminti ya ce a rushe a yi gidan bulo, yashi kyauta ne a rafi. Wata 'yar'uwarmu da ke Legas, wadda ba ta san hanyar gidan ba ko an ɗaure mata ido an kwance, ta turo hotunan wani wurin shaƙatawa na ƙasar waje ta ce irin wannan. Ni ma ban zauna shiru ba. Na ce a mai da ɗakunan azuzuwan yaƙi da jahilci da koyon ɗinki na matan karkara, na rubuta dogon bayani har sau uku, babu wanda ya karanta sai dai su turo hoton babban yatsa. Da surutu ya yi yawa Yaya ya ce a haɗu a zauren gidan wata Asabar bayan an gama girbi, a yanke magana.

Ana gobe taron na je wajen Gwaggo na ce ta shirya mu tafi tare.

“Wancan zai zo?” ta tambaya.

“Shi ne ma ya kira taron, Gwaggo.”

“To ina ni ina zama a zaure ɗaya da shi ana ka-ce-na-ce? Ke dai je ki. Ki gaya masa gida nasu ne, fadama tasu ce, su yi abin da suka ga dama. Amma ɗorawa tawa ce, kada a taɓa mini. Kin ji ko, Malama?”

Malama take ce mini idan tana so ta tsokane ni, wai na yi boko na fi kowa baki. Na ce na ji. Saƙo ne sarai, babu lauje a cikinsa, babu abin da mutum zai ce bai fahimta ba.

Na isar kuwa. Kafin a zauna na ja Yaya gefe, a gindin tsohon injin rake, na gaya masa kalma da kalma. Ya dafa ƙirji ya ce, “Haba Malama! Gwaggo fa uwata ce. Ni zan cuci Gwaggo?” Na ji sanyi a raina, na ɗauka magana ta ƙare.

A cikin zaure ya gabatar da wani mai zanen gini da ya zo da shi daga Kaduna. Mutumin ya shimfiɗa wata faffaɗar takarda a kan tabarma. Shirin Yaya shi ne a bar soron yadda yake, a gyara shi ya zama gidan tarihi da baƙi za su riƙa shiga suna ɗaukar hoto, a gina babban ɗakin biki a inda rumbuna suke, a yi wurin zama a bakin ruwa. Ni da na ji babu azuzuwana a ciki sai na yi tsalle na dire. Na yi awa guda ina masifa a kan ɗaki biyu, na tuna musu da matan da ba su iya karanta takardar asibiti ba, har sai da Yaya ya gaji ya ce to, a ware wa Malama ɗaki ɗaya ranar da babu biki. Na zauna ina huci kamar wadda ta ci yaƙi. Takardar nan tana gabana, gwiwata har tana taɓa ta. Tsakanin soro da rafi an zana wani fili fetal da 'yan layuka a jere. Na gan shi da idona. Shekara talatin da wani abu ina duba littattafan yara ina kamo kuskuren da ya fi wannan ƙanƙanta, amma ban tambayi ina ɗorawa take a zanen ba. Layukan nan wurin ajiye motoci ne.

Da na koma Gwaggo ta ce, “Kin gaya masa?” Na ce na gaya masa, ya ce ba komai. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tsince wakenta.

Aiki ya fara da rani. Aka kawo bulo, aka rushe rumbuna, aka kewaye fili da waya. Ɗorawa ta yi fure a shekarar kamar ta san abin da ke tafe, jajayen furanni kamar tuntu suna reto ko'ina, ƙudan zuma har ba a jin maganar juna a gindinta. Gwaggo ta je ta duba sau biyu, ta sa aka gyara mata ƙugiyar gorarta. Saura kamar mako uku a fara kaɗa, wata safiya ina wanki, matar da ke noman albasa a tsallaken rafi ta kira ni a waya.

“Malama, kina ina? Ana kayar da ɗorawar Gwaggo!”

Ko kumfar hannuna ban wanke ba na hau acaɓa. Tun daga kan gada nake jin kukan injin yankan itace. Da na isa shida suna ƙasa. Wurin ya yi wani irin haske mara kunya, rafin da ban taɓa ganinsa daga ƙofar soro ba ga shi nan tsirara. 'Ya'yan ɗorawa ɗanyu shar sun zube ko'ina, ana tattaka su, ba su isa a ci ba, ba su isa a yi kalwa ba. Na tsaya a gaban ta bakwai na ce wa mai injin ya kashe abin nan. Ya kashe, ya kalle ni da ladabi ya ce, “Hajiya, mu aiki aka ba mu. Ki yi magana da mai wuri.”

Na kira mai wuri.

“Yaya, ana sare ɗorawar Gwaggo!”

“Na sani, Malama. Kwantar da hankalinki.”

“Ka sani?”

“To motocin baƙi a ina za su tsaya? Kuma mutum ya taso daga Zariya don ya ga ruwa, sai ya zo ya tarar da ganye?”

“Da bakinka ka ce ba za ka cuce ta ba.”

“Cutar ta na yi? Tsohuwa kamar Gwaggo tana yini a gaban wuta tana dafa kalwa, hayaƙi yana cin idonta, mutane suna zagina suna cewa na bar uwata a wahala. Hutar da ita na yi. Duk abin da take so zan aiko mata.”

“Ka tambaye ta?”

“Ta yaya zan tambaye ta? Kin taɓa ganin ta amsa mini magana?”

Kunyar da ta yi masa don ta ɗauke shi ɗa, ita ya ɗauka ya yi makami da ita. Ya san ba za ta tare shi ba, ya san ba za ta kai ƙararsa ko'ina ba, ya san ko a gabanta aka sare iyakarta ta juya ta kalli bango. Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa na gaba da ni ba, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya kashe waya. Na tsaya a gindin itacen nan har rana ta take. Masu aiki suka zauna a inuwarsa suka ci rogo suna jirana. Da ƙishirwa ta ci ƙarfina na tafi neman mai unguwa, wanda ya ce mini maganar cikin gida ce, shi ba ya shiga. Kafin in dawo sun gama da ukun da suka rage.

Ban iya zuwa na gaya wa Gwaggo ba, kuma ba a bukaci in gaya mata ba, don garin duka ya ji ƙarar. Bayan kwana biyu na daure na je. A ƙofar gidanta na tarar da tsibin itace ya fi tsayina, an faskara shi tsaf, an jera. Yaya ne ya sa tifa ta kawo mata, wai ta samu na girki. Itacenta ne, daga gonar ubanta, aka yanka aka aiko mata kyauta.

Tana tsakar gida a kan tabarma, gorar ƙugiya tana jingine a bango. Na gaishe ta, ta amsa lafiya lau, har da tambayar jikokina. Wannan amsawar ce ta tunzura ni.

“Gwaggo, wannan kunyar taki ce ta jawo! Da kin je taron nan kin buɗe baki sau ɗaya a gaban mutane, wa ya isa? Mutum ya yi furfura, ya yi jikoki, har yanzu kina juya masa baya kamar amarya! Ga shi nan ya share ki daga gidan ubanki, ko kututture bai bar miki ba!”

Ta bar ni na gama. Sannan ta ɗago ta kalle ni ta ce, “Ai na aike ki, Malama.”

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na zauna a bakin rijiya na yi kuka kamar yarinya, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri.

Itacen nan ya yi wata guda a ƙofarta ba ta zari ko ɗaya ba. Da kara take girki. Maƙwabta suka roƙa ta ce ba nata ba ne da za ta bayar. Masu tuwo suka yi ta aike daga Makarfi suna tambayar daddawa, ta ce a gaya musu ta daina. Na ce zan sayo mata kalwa a kasuwa ta ci gaba da sana'arta, ta ce ita ba ta taɓa dafa kalwar da ba ta san uwarta ba, ba kuma za ta fara da tsufa ba. Hannuwanta da ban taɓa gani a zaune ba suka koma kan cinya. Shinkafa da man gyaɗa da Yaya ya aiko suna jibge a lungu, ta ƙoshi, ta huta, kamar yadda ya so.

Ana nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Ɗakin biki ya kai linta, saura gyaran soro, wanda shi ne abin da za a nuna wa baƙi. Ɗan kwangila ya so ya shafe shi da siminti. Tsohon maginin nan, da aka kira don ya nuna musu inda azara ta yi rauni, ya ce idan suka yi haka siminti zai kama danshi ya ɓanɓaro da ƙasar gaba ɗaya, damina biyu soron ya zauna. Ya ce wannan gini abu ɗaya ya sani, makuba, kuma bana ba a shafa masa ba, rufin ya riga ya tsattsage. Aka shiga nema. Aka tarar mutane yanzu ba sa ajiye ɓawon ɗorawa, wuta suke sa masa, na bana kuma wanda ya samu ɗan kaɗan ya riga ya yi daɓen ɗakinsa. Magini ya ce shi dai mutum ɗaya ya sani da ke tara shi buhu-buhu.

Sai ga wayar Yaya, wanda tun ranar zagin ba mu yi magana ba.

“Malama, wai makubar nan a jikin me ake samunta?”

“A jikin abin da ka sare,” na ce.

Wannan fa mutum ne da ya girma a ƙarƙashin rufin nan, wanda warin makuba ya tashe shi daga barci kowace bazara ta yarintarsa. Sai ya ce an gaya masa Gwaggo tana da ragowar bara, in taimaka in roƙa masa ita.

Wallahi da murna na tafi. Na san tana da buhu huɗu a ɗakin ajiya, ta tara ne don rufin ɗakinta da ke ɗiga a kan gado. Na zauna na kwashe labari na gaya mata, na ƙara gishiri, na ce Allah ya kawo ranar ramuwa tun ba a je ko'ina ba. Na ce ta hana, soron ya rushe a kan allonsu da fitilunsu, kowa ya huta.

“A ɗakin bene aka haife ni,” ta ce. “Ki ce ya zo ya ɗauka. Shi da kansa, ba aike ba.”

Na yi faɗa har muryata ta dushe. Ko gezau.

Ya zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya biya ya ɗauke ni a motarsa don kada ya shiga shi kaɗai. Ya ratsa ta gefen tsibin itacen ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, yana jiran ta juya baya ya gaida ƙeyarta, ni in amsa masa a madadinta.

Ba ta juya ba. Ta gyara zama ta dube shi tsakiyar ido, ta kira sunansa. Sunansa na yanka, sarai, da murya a sake, kamar yadda take kiran kowannenmu. Tun da aka miƙa mata shi a zanen goyo wannan suna bai taɓa fita daga bakinta ba.

“Sannu da zuwa,” ta ce masa. “An zo lafiya? Ya hanya? Ya iyali, ya yara? Ya aiki? Madalla. Malama, shimfiɗa wa baƙo tabarma, ki kawo masa ruwa a kwanon nan mai murfi.”

Kwanon baƙi ke nan, wanda ake fitowa da shi idan surukai sun zo. Na kawo. Ya sha, yana ta murmushi, ya fara jero godiya da bayanin yadda wurin zai ɗaga sunan kaka. Ta saurare shi da kyau, har da gyaɗa kai. Da ya gama ta sake kiran sunansa.

“Ga buhu huɗu can, na soron ubana ne, ka sa a ɗauka. Daga su babu wasu, baɗi sai ka nemi naka. Itacen da ke ƙofa kuma ka sa a kwashe, yana tare mini hanya. Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen gida.”

Direbansa ya loda buhunan a but ɗin motar. Muka shiga mota muka kama hanyar rafi. Yaya ya jingina da kujera ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa fal annuri.

“Kin gani ko, Malama? Ke ce kawai mai ɗaukar zafi. Yau Gwaggo har sunana ta kira, har hira muka yi. Na gaya miki ba ta riƙe ni a rai ba.”

Na dube shi, da hularsa mai tsada da furfurarsa. A cikin garin nan aka haife shi, a bayan matar nan ya yi barci, amma bai san abin da aka yi masa yanzun nan ba. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ga bai cancanci ma a gaya masa ba. Na ce wa direba ya tsaya. Yaya yana tambayar lafiya, na sauka na rufe masa ƙofa, na juyo da ƙafa cikin iskar hadari.

Ban yi sallama ba da na shiga. Tabarmar baƙo tana nan a shimfiɗe, kwanon ruwa a kai. Gwaggo tana cikin ɗakinta, a ƙarƙashin rufin da zai ɗiga mata duk daminar nan. Tana zaune a bakin gado ta juya fuskarta ga bango, daidai inda ta saba juyawa idan ya shigo, alhali babu kowa a ɗakin.